Fijo 504 mai yawo bisa kwalta: yadda taurara ƙafar gaba ya lalata sitiyari

Motar Peugeot 504 ce, wagon, haɗin Kaduna ta tsakiyar shekarun 1980, mai injin fetur 1971cc da sitiyari marar fawa. Aikinta jigilar fasinja da kaya tsakanin Sakkwato da Illela, tafiyar kusan kilomita 85 ta Kware da Gwadabawa, wani lokaci kuma a sauka daga kwalta a bi burji don ɗauko albasa a ƙauyukan fadama. An kawo ta gareji a ƙarshen hunturu. Bayanin mai ita ga babban bakanike gajere ne: "Maigida, motag ga yawo takai bisa hanya. In na taka birki ta yi dama, in na sha kwana sai na maido sitiyari da hannuna." Ya ce wata huɗu da suka wuce an yi mata aikin ƙafa gaba ɗaya a wani gareji, kuma tun daga nan abin ya ƙaru, har tayoyin gaba sababbi sun cinye ta ciki.

Yawancin abin da aka tarar a jikin motar ya samo asali ne daga rashin fahimtar yadda aka tsara ƙafarta. Peugeot ya fito da 504 a Faransa a 1968, wagon ta biyo baya a 1971, kamfanin PAN (Peugeot Automobile Nigeria) kuma ya fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975. Ƙafar gaba tsarin MacPherson ce, wanda kamfanin ya riga ya yi amfani da shi a 404 tun 1960: shokozoba da sifirin a haɗe, samansu ya dafe bodi, ƙasansu ya zauna a kan boljoyin. Hannun ƙasa ba ƙarfe ɗaya ba ne, guda biyu ne aka haɗa da roba. Ɗaya ya miƙe a gicciye yana hana taya fita waje ko shiga ciki, ɗayan ya karkata gaba yana hana ta ja da baya idan an taka birki ko an faɗa rami. Sitiyarin na rak ne, wato sanda mai haƙora da wani ƙaramin giya ke turawa hagu da dama ta juya tayoyi, daga ƙarshe zuwa ƙarshe zagaye huɗu da rabi ko kusa da haka. Sifirin ɗin masu laushi ne, tafiyarsu sama da ƙasa doguwa. Wannan doguwar tafiya ce ta yi wa motar suna a hanyoyin Afirka, har direban tsere Ove Andersson ya ci gasar tseren motoci ta Safari ta 1975 a Kenya da ita. Masu cewa taurin ƙarfe ne sirrin Fijo sun faɗi rabin magana ne kawai.

Akwai wuraren da injiniyoyin suka bar sassauci da gangan: jikin taya, robobin hannun ƙasa, robar saman shokozoba, da wani faifan roba mai zare a ciki wanda ke tsakanin sandar sitiyari da rak. Kowanne yana lanƙwasawa gwargwadon nauyin da ya hau shi, yana komawa yadda yake da zarar nauyin ya sauka. Wasa kuwa wani abu ne daban: ƙarfe ya motsa babu abin da ya tare shi, kuma bai san hanyar komawa ba. Direba na jin su duka biyun a hannu a matsayin "sitiyari ya yi sako-sako", shi ya sa ake yawan yi wa ɗaya maganin ɗaya. A wannan motar an bi duk inda aka ga roba an taurara shi, ainihin wasan kuma aka bar shi.

An fara da awo a kan daɓe mai daidai, kafin a kwance ko noti ɗaya. Tayoyi huɗun 195 R14C ne, irin na bas masu kaurin jiki, maimakon 185 R14 da aka saba sa wa wagon, kuma gejin mai faci ya nuna 55 a na gaba. Daga tsakiyar wili zuwa leɓen bodi, gaban motar ya fi na wata wagon mai sifirin na asali tsawo da milimita 45, bayan kuma ya zauna da kusan 30. Daga tsakiyar wilin gaba zuwa na baya, gefen hagu ya ba da mita 2.90 kamar yadda ya kamata, na dama ya gaza da milimita 12, alamar tayar gaba ta dama ta ja baya. Bakin tayoyin gaba, maimakon ya tsuke, ya buɗe da milimita 5. Sai sitiyari: a tsakiya ana juya shi santimita 6 a da'irarsa kafin taya ta ko motsa, alhali a sitiyarin rak mai lafiya bai kamata ya wuce kimanin ɗaya da rabi ba. Amma da an wuce kwatan zagaye zuwa kowane gefe sai ya yi tauri, ya tsaya inda aka bar shi.

Santimita shida ba ta da yawa a ido. A gudun kilomita 80 mota na cin mita 22 kowace daƙiƙa, kuma idan hancinta ya karkata da digiri ɗaya tak, tana gocewa gefe kusan santimita 40 a daƙiƙar. Direban da sitiyarinsa ke da fili irin wannan a tsakiya ba ya iya gyara ƙaramar karkata da wuri. Sai ya juya, ba amsa, ya ƙara, amsar ta zo da yawa, ya sake juyawa ɗaya gefen. Yawon da mai motar ke faɗa ke nan.

Neman inda wasan yake aikin mutum biyu ne, kuma tayoyi a ƙasa, ba a kan jak ba, domin nauyin mota ne ke riƙe taya har kowace gaɓa ta nuna halinta. Yaro na cikin mota yana kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan, bakanike na cikin rami yana ɗora hannu a kan gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Tun a gaɓar farko aka ga babban laifin. An cire faifan robar na asali an yanko wani daga jikin tayar babbar mota, aka huda ramuka huɗu da ƙarfe mai zafi. Faifan asali kusoshi biyu ke ɗaure shi da sandar sama, biyu da ta ƙasa, zaren cikinsa kuma an shimfiɗa shi ne ya ɗauki murɗa tsakanin ramukan, ya kuma yarda da 'yar karkatar da ke tsakanin sandunan biyu idan bodi ya motsa. Na tayar kuwa wuta ta riga ta ƙone zarensa a bakin ramukan, kusoshin suka ci gaba da cin robar har ramukan suka yi tsawo irin na ƙwai. Ana ganin sandar sama tana juyawa ta ƙasa tana tsaye. Kusan santimita huɗu cikin shidan daga nan suka fito. Ga shi kuma ya fi na asali kauri da tauri, sai yake danne ƙaramin giyan da ke juya rak, boris ɗinsa har ya fara gurnani.

Taurin da ake ji bayan kwatan zagaye kuma daga cikin rak yake. A bayan sandar rak akwai wani ɗan turke mai sifirin da ke matsa ta a jikin ƙaramin giyan, ana daidaita matsinsa da siraran washa a ƙarƙashin murfi. Wanda ya yi aikin baya ya ji wasa, ya ɗauka daga nan ne, ya zare washa ya ƙulle murfin tam. Matsalar ita ce haƙoran rak ba sa cinyewa daidai. Mota na yin mafi yawan tafiyarta a miƙe, saboda haka haƙoran tsakiya ne ke sirancewa, na gefe su kasance kusan sababbi. Idan aka matse turken har tsakiya ta daina wasa, to gefe zai cije. Abin da ke dawo da sitiyari bayan kwana kuwa ba wani sifirin ba ne, 'yar kishingiɗar da ƙafar gaba ta yi zuwa baya ce, wadda ke sa taya ta bi bayan layin da take juyawa a kansa. Ƙarfin da wannan ke bayarwa kaɗan ne, ba zai iya da rak da ya cije ba.

Da aka buɗe rak ɗin an ga abin da ya cinye haƙoran. Robar da ke rufe bakinsa ta dama ta yage tuntuni, ƙurar hunturu ta shiga ta haɗu da giris, ta zama kamar tokar da ake goge tukunya da ita. A Sakkwato wannan roba ba ta daɗewa: zafin bazara da ke haura digiri 40 yana busar da ita, ƙasan inji na ƙara mata wuta, in kuma baƙin mai na ɗiga a kanta sai ta kumbura ta ruɓe. Ita ce mafi arha a duk kayan ƙafar gaba, ita ce kuma aka fi ƙyalewa.

Jan da motar ke yi dama a birki ba laifin birki ba ne, ko da yake an duba: faya-fayan biyu sun cinye daidai, babu kalifa (abin da ke matse faifan birki) da ta maƙale. Robar da ke riƙe hannun da ya karkata gaba a gefen dama ce ta tsage ta rabu da ƙarfenta, ita ce ta ba da milimita 12 ɗin nan. Idan aka taka birki tayar dama na ja baya fiye da ta hagu, bakinta ya buɗe, motar ta bi ta. Abin lura shi ne robar sabuwa ce, watanta huɗu. Irin waɗannan robobi ba sa juyawa a kan ƙusa, manne suke, jikin robar ne ke murɗawa idan hannun ya yi sama ko ƙasa. An ƙulle su ne mota na rataye a kan jak, tayoyi na lilo. Da aka sauke ta, robar ta riga ta murɗe tun motar na tsaye, duk ramin da aka faɗa kuma sai ya ƙara mata a kan haka. Ko robar kamfani ce ba za ta kai shekara a wannan hali ba. Ta gefen hagu ma ta fara tsagewa.

Sai maganar ɗaga gaba, wadda ita ce ta fi jan gardama. Mai motar ne da kansa ya nemi a ɗaga, don kada ƙasan inji ya bugi tudun tsakiyar burji. Aka sa masa sifirin wata mota mai nauyi, aka ƙara zoben ƙarfe a ƙarƙashinsu. Abu uku ya biyo baya. Na farko, hannun ƙasa da tayarod, wato sandar da ke haɗa rak da taya, an tsara su ne su kwanta kusan a miƙe idan mota na tsaye, ta yadda in taya ta yi sama ko ƙasa su biyun za su zana baka iri ɗaya, bakin taya kuma ya zauna inda yake. Da aka ɗaga milimita 45 duk suka sunkuya, suka shiga wurin da bakansu ya bambanta, sai ya zama kowane tudu yana juya taya da kansa ba tare da direba ya taɓa sitiyari ba. Na biyu, shokozoba ta riga ta miƙe kusan ƙarshenta, ba ta da sauran tafiyar da za ta bi taya cikin rami, sai ta buga ƙarshe da ƙara, tayar kuma ta bar ƙasa na ɗan lokaci. Tayar da ke sama ba ta tuƙi, ba ta birki. Na uku, bugun da sifiri mai laushi zai shanye yanzu kai tsaye yake zuwa bodi, ga taya mai iska 55 da ita ma ba ta rage komai. Da aka goge datti a saman mazaunin shokozoba na dama sai ga tsaga mai tsawon yatsa ta taso daga ramin ƙusa.

Bayan motar ma yana da hannu a yawon. Wagon ɗin 504 aksul ɗinta na baya guda ne, yana zaune a kan sifirin huɗu, biyu kowane gefe, farfela kuma tana cikin wani bututun ƙarfe wanda shi ke tura motar gaba ta wajen giya. Sifirin huɗun sun gaji, an cusa guntayen taya tsakanin zobbansu, abin da ke hana wasu zobban aiki ya tara wahalar a kan sauran har su karye. Robobin sandunan da ke hana aksul gocewa gefe sun mutu, mutum biyu suka tura bayan motar ta gefe aka ga bodi na motsi taya na tsaye. In baya na gocewa, direba a sitiyari yake jin abin. Ga kuma yadda ake lodi. Buhu biyu masu kilo ɗari-ɗari, idan aka ajiye su santimita 60 bayan aksul a motar da tsakanin ƙafafunta mita 2.90 ne, suna rage wa tayoyin gaba nauyin kilo 41, su ɗora wa na baya 241. A ƙara da na kan rufi da ƙofar baya da ake bari a buɗe kaya na leƙowa, sai hancin mota ya kalli sama, sitiyari ya yi shafal.

An yi gyaran ne daga bodi zuwa waje. Tsagar an huda ƙaramin rami a kowane ƙarshenta don kada ta ci gaba, aka yi walda, aka ɗora faranti mai kaurin milimita 2 a kai. An kwance ƙafafun gaba da abin matse sifiri na ƙarfe. Ɗaure sifiri da waya ko igiya, kamar yadda wasu ke yi, ya isa ya fasa wa mutum fuska. Sifirin na asali an samo su daga wata wagon da aka yanka, aka jera biyun a ƙasa aka tabbatar tsawonsu ɗaya, domin bambancin santimita guda ma yana karkatar da mota. Shokozoba ta dama ta zubar da mai, sandarta ta yi zane, ta hagu kuma in aka ja ta da hannu akwai wurin da take wucewa fayau babu turjiya, aka canza duka biyun tare. Boris ɗin da ke barin ƙafar ta juya ba tare da ta murɗe sifiri ba ya bushe da ƙura a gefen hagu, yana cikin abin da ke riƙe sitiyari, shi ma aka sa sabo. Boljoyin na dama ya nuna wasa da aka sa ƙarfe aka banƙare shi, na hagu lafiya lau, amma robarsa ta fashe, aka canza su gaba ɗaya.

Rak ɗin an wanke shi da kananzir, aka duba haƙora. Sun cinye a tsakiya amma ba su karye ba, kuma samun wani mai lafiya a kasuwar gwanjo sa'a ce, yawancinsu ciwon ɗaya ne. Aka sa sabon boris a ƙaramin giyan, sabon giris, aka mayar da washa ɗaya bayan ɗaya ana gwadawa. Ma'aunin shi ne a juya giyan da hannu a kan benci daga ƙarshe zuwa ƙarshe ba tare da ya cije a ko'ina ba. A gefe ake daidaita shi, inda haƙoran suka fi kauri, abin da ya rage na wasa a tsakiya kuma a haƙura da shi. Sai sababbin robobin rufi biyu da maɗauri na kirki, sai faifan sitiyari irin na asali, wanda aka ɗaure bayan an sassauta maƙalin sandar ta samu tsawonta, don kada faifan ya zauna a miƙe ko a danne.

Robobin hannun ƙasa da na baya duk an sa su an bar kusoshin a sake. Aka sauke motar a kan tayoyinta, aka tura ta gaba da baya, aka danna kowace kusurwa sau da yawa, sannan aka ƙulle su daga cikin rami, nauyin mota na kansu. Wannan mataki ba ya cin minti talatin.

Alaimen ne ƙarshe, kuma a 504 abu ɗaya kawai ake iya ɗaurewa, wato tsukewar bakin tayoyi. Kishingiɗar ƙafa da karkatar taya ba su da wurin ɗauri, in sun kauce to wani ƙarfe ne ya lanƙwashe ko tsayin mota ya canza. Ma'aunin kamfani shi ne gaban tayoyin ya fi bayansu tsukewa da kimanin milimita 3. Dalilinsa na nan a cikin robobin: a motar da baya ke turawa, hanya na jan tayoyin gaba baya, robobin su ɗan ba da kai, bakin ya buɗe, sai milimita ukun nan su shanye, tayoyin su miƙe sak a cikin gudu. An lissafa adadin ne da laushin robar asali. Wanda ya sa roba mai tauri ko matacciya, ko ya ɗaura milimita 3 daidai, ba abin da kamfani ya nufa zai samu ba. An sa rak a tsakiyarsa ta hanyar ƙirga zagaye a raba biyu, aka auna a leɓen rim daidai tsayin tsakiyar wili, aka yi alama da alli, aka tura motar rabin zagayen taya aka sake aunawa a kan alamar, domin tsofaffin rim ba su cika zama a miƙe ba. A wannan motar tayarod biyun duk suna da zare, aka juya su daidai da juna.

Tayoyin gaba an koma 185 R14 da iska 28. Na baya mai motar ya ƙi rabuwa da na bas ɗin saboda lodi, kuma yana da hujja, sai aka bar su a 36 in babu kaya, a ƙara in an ɗora. Kan batun tudun burji aka yi masa farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, aka ɗaure shi a jikin gadar ƙasa, ƙarfen nan da ya gicciya a ƙarƙashin inji, da kusoshi, ba walda ba, don a iya cirewa ranar juyen mai. Da bayan motar ya tashi da sababbin sifiri ma, tsakiyarta ta fi nisa da ƙasa a cikin lodi fiye da lokacin da gaba ke sama baya na zaune.

A gwajin hanyar Kware motar ta tsaya a layinta a gudun 80 da 100, birki ya kama a miƙe, sitiyari na dawowa da kansa bayan kwana. Tsawon gefen dama da na hagu ya zo ɗaya, bambancin bai kai milimita 3 ba. Wasan tsakiya ya sauko zuwa kusan santimita biyu, ragowar cin da haƙoran rak suka yi ne, ba zai tafi ba sai an samu wani rak. Bayan kimanin kilomita 500 aka dawo da ita, domin sifiri da sababbin robobi suna zama: gaba ya sauka da milimita 6, tsukewar baki ta ragu zuwa ɗaya da rabi, aka mayar da ita 3, aka sake bin kusoshin faifan sitiyari da na hannun ƙasa. An gaya wa yaron motar ya riƙa leƙa robobin rufin rak duk ranar juyen mai, buhunan albasa kuma a fara jera su daga bayan kujera, a kan aksul, kafin a kai bakin ƙofa.